Tambaya da Amsa: Tsara Rukunin Sabobi Mai Daidaita Nauyi da Kansa

Galibin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan sun fito ne daga ma'aikatan da ke kula da ɗakin sabobi, wato manyan kwamfutocin da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, a makarantu da kamfanoni, kuma kusan dukkansu a kan abu guda suke, wato yadda za a haɗa sabobi da dama su zama rukuni ɗaya, a zuba musu baƙin kwamfutoci, sannan a bar manhaja ta riƙa raba musu nauyi da kanta. Saboda masu karatun da ba wannan ce sana'arsu ba, baƙuwar kwamfuta, wadda masu aikin ke kira VM, cikakkiyar kwamfuta ce mai Windows ko Linux nata, sai dai ba ta da ƙarfen kanta, a cikin wata babbar saba take zaune tana amfani da rabon da aka yanka mata na farosesa da RAM da faifai. Sabar da ta ɗauke ta kuwa ita ce mai masauki. Kamfanin IBM ne ya fara wannan dabara a manyan injunansa, har ya fitar da VM/370 a 1972, kafin kamfanin VMware ya kawo ta kan sabobin da aka saba da su da manhajar ESX a 2001.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a sashen kwamfuta na wata kwaleji, kuma an sayo mana sabobi huɗu, kowace da RAM gigabayit 256. Muna son mu haɗa su rukuni ɗaya, mu kunna tsarin da ke ɗauke baƙuwa daga sabar da ta cika ya mayar da ita wadda ke da sarari. Ta ina ya kamata mu fara? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, abin da ka fi ɗokin kunnawa shi ne abin da ya kamata ka kunna a ƙarshe. Mai daidaita nauyi kamar ɗan kamasho yake a tasha, yana iya sauya wa fasinja mota, amma ba ya ƙara kujera ko ɗaya a cikin motocin da ke layi. Saboda haka aikin farko lissafi ne, kuma tambayar da lissafin zai amsa ita ce, idan saba ɗaya ta mutu da tsakar dare, ina baƙinta za su sauka?

Sabobinka huɗu suna da RAM gigabayit 1,024 idan an haɗa, amma kada ka ɗauki wannan adadi a matsayin abin da ka mallaka. Abin da za ka iya rabawa shi ne na sabobi uku, wato 768, domin ta huɗun gurbi ce ta ranar da ɗaya za ta lalace ko za a kashe ta a sabunta mata manhaja. Daga nan kuma sai ka cire abin da manhajar masaukin kanta take ci a kowace saba, ka ga abin da ya rage bai wuce 700 da 'yan kai ba. Wannan ba yana nufin a ajiye saba ɗaya a kulle ba, dukkansu huɗun za su yi aiki, amma babu wadda za ta wuce kashi uku cikin huɗu na ƙarfinta. Akwai wani tarko a cikin lissafin da mutane ba su cika lura da shi ba: idan kana da baƙuwa mai gigabayit 96, kuma sararin da ya rage ya warwatsu 60 a nan, 60 a can, 60 a can, to jimillar ta isa amma babu masaukin da zai ɗauke ta, tunda baƙuwa ɗaya ba ta rabuwa tsakanin sabobi biyu. Ka duba mafi girman baƙinka ka tabbatar da cewa tana da inda za ta sauka.

A wajen farosesa ana yin sassauci. Baƙi ba sa tashi da aiki a lokaci guda, don haka masu sana'ar sukan raba ƙwayoyin farosesa, wato ƙananan injunan lissafin da ke cikinta, ninki uku ko huɗu na abin da ke cikin ƙarfen, matuƙar ayyukan na ofis ne masu sauƙi. RAM kuwa ban ba ka shawarar ka yi masa haka ba. Gaskiya ne akwai dabarun da ake matse shi da su, kamar KSM a Linux, mai haɗe shafukan da suka yi kama da juna, da ƙaramar manhajar da ke karɓo RAM ɗin da baƙuwa ba ta amfani da shi, amma ranar da waɗannan suka gaza sai mai masauki ya koma ajiye RAM a kan faifai, kuma daga nan komai zai yi nauyin da ɗalibai za su ɗauka cewa shafin ya mutu. Haka nan kada ka biye wa mai neman a ba baƙuwarsa ƙwaya goma sha shida alhali huɗu sun ishe ta, domin baƙuwa mai faɗi ta fi wahalar samun gurbi a layin farosesa, sai ka tarar ƙarin da aka yi mata ya rage mata sauri. Ma'aunin da ke tona wannan asiri shi ne lokacin da baƙuwa take ɓatawa tana jiran a ba ta farosesa. A cikin Linux, umarnin top yana nuna shi a gurbin da aka rubuta st, kuma da yawa daga cikin masu aikin suna fara damuwa idan ya haura kashi 5 cikin ɗari.

Idan sabobin naka masu farosesa biyu ne, ka sani cewa kowace farosesa tana da nata ɓangaren RAM da ke kusa da ita, tsarin da ake kira NUMA. A saba mai gigabayit 256, kowane ɓangare 128 ke nan. Baƙuwar da ta tsaya cikin ɓangare ɗaya ta fi wadda ta tsallaka sauri, saboda haka ka yanka girman baƙinka da wannan iyaka a zuciyarka.

Abu na biyu shi ne ma'ajiya. Ƙaura a kunne, wato ɗauke baƙuwa daga wannan saba zuwa waccan ba tare da an kashe ta ba, tana yin sauri ne idan faifan baƙuwar yana wurin da dukkan sabobin ke gani, ta yadda RAM kaɗai za a kwashe. Ko dai ku sayi akwatin ajiya na musamman da ake haɗawa ta iSCSI ko NFS, ko ku haɗe faya-fayan da ke cikin sabobin da manhaja irin Ceph ko vSAN. Akwatin guda ɗaya yana da sauƙin kula, amma idan ya tsaya rukunin gaba ɗaya ya tsaya, don haka sai mai kwakwalwa biyu da wutar shiga biyu. Ceph kuma a tsarinta na asali kwafi uku take ajiyewa na kowane bayani, ma'ana faya-fayan terabayit 30 za su ba ka 10 ne kacal, kuma tana fara gargaɗi idan faifai ya kai kashi 85, ta daina karɓar rubutu a kashi 95. Wanda bai yi wannan lissafi kafin a rubuta takardar sayen kaya ba, zai koma wurin shugaban kwaleji neman ƙarin kuɗi cikin shekarar farko.

Na uku shi ne layin da ke tsakanin sabobin, kuma a nan ne na fi ganin ana yin tsimin da ba shi da amfani. Yadda ƙaurar take gudana shi ne, ana kwafe RAM ɗin baƙuwa zuwa sabon masauki alhali tana ci gaba da aiki, sannan a dawo a sake kwafe shafukan da ta canza a lokacin, a yi ta maimaitawa har abin da ya rage ya zama ɗan kaɗan, sai a dakatar da ita na ƙiftawar ido a tura sauran a tashe ta a can. Masu bincike a jami'ar Cambridge da ke Ingila, inda aka ƙirƙiro manhajar masauki ta Xen, sun nuna tun 2005 cewa wannan dakatarwa tana iya sauka har zuwa milisakan 60. Amma kwafin da ke gabanta ya dogara ne kacokan a kan faɗin layi. Layin gigabit ɗaya yana ɗaukar kimanin megabayit 125 a daƙiƙa, saboda haka baƙuwa mai gigabayit 64 za ta ci minti takwas da rabi, ga layin gigabit goma kuwa ƙasa da minti ɗaya. Kwashe saba mai ɗauke da gigabayit 200 zai kai kusan rabin awa a na farko, minti uku a na biyu. Mafi muni kuma, baƙuwar da ke rubutu cikin RAM da saurin da ya fi na layin ba za ta taɓa kammala ƙaura ba sai an rage mata gudu da gangan. Don haka ku sa gigabit goma, ku sayi suwic biyu, wato na'urar da ake jona wayoyin sabobin a kanta, ku ware hanyar ƙaura daban da ta ma'ajiya, daban da ta masu amfani.

Sai bayan waɗannan sun zauna ne za a zo kan mai daidaitawa. VMware ya fito da ƙaura a kunne mai suna vMotion a 2003, ya biyo da manhajarsa ta daidaita nauyi mai suna DRS a 2006, wadda ta daɗe tana duba rukuni duk minti biyar, kafin siga ta 7 a 2020 ta mayar da shi duk minti ɗaya, ta kuma koma auna ko kowace baƙuwa tana samun abin da take buƙata maimakon neman sabobi su yi kunnen doki. Wannan sauyi daidai ne a ganina, domin babu wata riba a ce kowace saba tana kan kashi 50 cif, idan wadda ke kan 70 ba ta tauye kowa. Microsoft ya sa irin wannan a cikin Windows Server 2016, yana dubawa duk minti 30, kuma a matakinsa na asali ba ya motsa kowa sai saba ta haura kashi 80. Proxmox, wadda wani kamfani a birnin Biyana na Ostiriya ke yi a kan KVM, manhajar masaukin da ke cikin Linux, ta shigo fagen a makare, sai a siga ta 7.3 a 2022 ta fara zaɓar wa baƙuwa masauki bisa girman da aka rubuta mata. Duk da haka mutane da yawa sun karkata gare ta tun bayan da Broadcom ya sayi VMware a watan Nuwamba na 2023 ya daina sayar da lasisin dindindin, ya koma na biyan kuɗi shekara-shekara, kuma ga wanda kasafinsa na naira ne alhali lasisin da dala ake biya, wannan ba ƙaramin dalili ba ne.

Ko wacce kuka zaɓa, ku fara barin ta a matakin ba da shawara kawai na 'yan makonni, kuna karanta abin da take son yi kuna amincewa da hannu. Idan kun ga shawarwarinta suna da ma'ana sai ku sake mata, amma a matsakaicin zafi, domin kowace ƙaura tana cin layi da farosesa, kuma mai daidaitawar da aka zafafa takan yi ta kai da komo da baƙuwa ɗaya saboda tashin aiki na minti biyu. Kada kuma ku manta da dokokin rabuwa: idan kuna da baƙi biyu masu aiki iri ɗaya don ɗaya ta tsaya wa ɗaya, kamar masu tantance sunan shiga ko masu DNS, wato masu fassara sunan shafi zuwa adireshinsa, dole ku rubuta wa manhajar cewa kada ta taɓa haɗa su a saba ɗaya, in ba haka ba wata rana za ta haɗa su da kyakkyawar niyya.

Tambaya: Malam, kamfaninmu yana amfani da rumbun bayanai na Oracle, kuma wanda ya girka mana shi ya ce ya ɗaure baƙuwar a kan ƙwayoyin farosesa takwas saboda lasisi. Yanzu muna son mu saka ta cikin babban rukuninmu mai sabobi uku, inda mai daidaita nauyi ke aiki. Akwai matsala? Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: Malama, akwai matsala, kuma ta kuɗi ce kafin ta zama ta fasaha. Oracle yana raba hanyoyin yanka saba gida biyu. Akwai yanka mai tauri, inda aka killace wa baƙuwa wasu ƙwayoyi sanannu da ba za ta iya tsallakewa ba, kamar LPAR na IBM, ko manhajar masauki ta Oracle ɗin kansa idan an ɗaure ƙwayoyin yadda ya tsara. A wannan hali ƙwayoyin da aka killace kaɗai za a biya wa lasisi. Akwai kuma yanka mai laushi, wanda ya saka VMware a cikinsa, inda yake cewa duk ƙwayar da manhajarsa za ta iya gudana a kai sai an biya mata, ko da ba ta taɓa gudana a can ba.

Ki duba bambancin da lamba. A farosesar Intel da AMD, ƙwaya biyu ne ke cin lasisi ɗaya, kuma farashin da Oracle ya daɗe yana sawa a jadawalinsa ga babbar sigar rumbun shi ne dala 47,500 kowane lasisi. Ƙwayoyinku takwas lasisi huɗu ne, dala 190,000. Idan sabobinku uku kowace tana da ƙwaya 32, kuma aka ce baƙuwar tana iya yawo a kansu duka, ƙwaya 96 ke nan, lasisi 48, dala miliyan biyu da dubu 280, ban da kuɗin tallafi na kowace shekara. Ƙa'idar yanka mai tauri ta fito fili cewa ba a yarda a yi wa baƙuwar da aka ɗaure ƙaura a kunne ba, shi ya sa Oracle da kansa ya ce kada a kunna mai daidaita nauyi ko mai kashe sabobi don tsimin wuta a rukunin da ke da irin waɗannan baƙi. Lauyoyi suna jayayya a kan ko takardar da ta ƙunshi wannan ƙa'ida tana da ƙarfin yarjejeniya, tunda ita kanta ta ce don wayar da kai aka rubuta ta, amma ban ga hikimar ƙaramin kamfani ya shiga wannan gardama ranar da masu binciken lasisi suka ƙwanƙwasa ƙofa ba.

Ko da a ce babu zancen lasisi, ɗaurewa da daidaitawa ba sa shan inuwa ɗaya. An ɗaure baƙuwa ne domin ta zauna a ƙwaya kaza zuwa kaza na wannan saba, mai daidaitawa kuwa aikinsa shi ne ya ɗaga ya sauke. Idan ya kai ta wata saba, ƙwayoyin masu wannan lamba wataƙila wata baƙuwar tana kansu, sai su biyun su dinga cunkoso a wuri ɗaya alhali sauran ƙwayoyin suna zaune. Shawarata ita ce ku yi rukuni biyu. Babban rukunin ya ci gaba da ɗaukar ayyukan yau da kullum da mai daidaitawarsa a kunne. Rumbun bayanan kuma ku ware masa ƙaramin rukuni na sabobi masu ƙarancin ƙwayoyi amma masu gudu, da ma'ajiyarsa daban, ba mai daidaitawa, kuma kariyarsa ta fito daga kwafin da rumbun kansa ke turawa wata baƙuwa a saba ta biyu, wadda ita ma sai an yi mata lissafin lasisi. Ki kuma duba Windows Server da irin wannan ido, domin tun 2016 a kan ƙwayoyin ƙarfe ake lissafa shi, aƙalla 16 a kowace saba, kuma sigar Standard baƙi biyu kaɗai take ba da dama, ta Datacenter ce ba ta da iyaka. A rukunin da baƙi ke yawo, kowace saba sai an lasisce ta gwargwadon baƙin da za su iya taruwa a kanta.

Tambaya: Sabobi biyu kawai muke da su a wata makaranta mai zaman kanta. Za mu iya yin rukuni da su? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Za ku iya, Malam, amma sai kun samo mai raba gardama na uku. Dalili kuwa shi ne, idan wayar da ke tsakanin sabobin biyu ta yanke alhali kowace tana da rai, kowace za ta ɗauka 'yar'uwarta ce ta mutu, ta tashi baƙin waccan a kanta, sai a wayi gari baƙuwa ɗaya tana gudana a wuri biyu suna rubutu a faifai ɗaya, kuma bayanan da aka lalata ta wannan hanya ba kasafai suke gyaruwa ba. Maganin da aka samo shi ne ƙuri'a: ɓangaren da ke da fiye da rabin ƙuri'u shi ke ci gaba da aiki, wanda ya rasa rinjaye kuma ya janye. A Proxmox, sabar da ta rasa rinjaye tana kashe kanta ta sake tashi bayan kimanin daƙiƙa 60, domin sauran su tabbatar ta saki faifai kafin su ɗauki baƙinta. To a rukunin sabobi biyu, ɗaya ba ta fi rabi ba, saboda haka mutuwar ɗaya tana tsayar da ɗayar.

Ƙuri'a ta uku ba ta buƙatar saba mai tsada. Ƙaramar na'ura irin Raspberry Pi ta isa ta riƙe ta a Proxmox, a Windows kuma babban fayil da aka raba a wata kwamfuta yana yin wannan aiki. Abin lura shi ne kada ku jona ta a suwic ɗaya da soket ɗaya da ɗaya daga cikin sabobin. Sannan ku san cewa da sabobi biyu kowace rabin ƙarfinta kaɗai za ku ɗora mata. Ceph ba ta dace da ku ba, tunda tana son aƙalla uku, amma kuna iya sa ZFS, manhajar da ke tsara ajiya a kan faifai, ta riƙa tura kwafin faifan kowace baƙuwa zuwa ɗaya sabar, duk minti 15 a tsarin asali, ana kuma iya rage shi zuwa minti ɗaya, da sanin cewa abin da aka rubuta bayan kwafin ƙarshe zai salwanta idan saba ta mutu. Mai daidaita nauyi kuwa ba ku da buƙatarsa, mutum ɗaya da takarda da biro zai raba baƙi goma tsakanin sabobi biyu.

Tambaya: Tsofaffin sabobinmu Intel ne, sababbin da aka kawo AMD. Su zauna rukuni ɗaya? Daga wani mai karatu a Kumasi.

Amsa: Ku raba su. Baƙuwa tana tantance irin umarnin da farosesa ta iya tun lokacin da aka kunna ta, kuma idan aka ɗauke ta a kunne aka kai ta inda babu wannan umarni, faɗuwa za ta yi. Tsakanin tsohuwar Intel da sabuwar Intel ana iya sasantawa, ta hanyar ɓoye sababbin umarnin a daidaita kowa da mafi tsufa, abin da VMware ke kira EVC, amma ba ya aiki tsakanin kamfanonin biyu, sai dai a kashe baƙuwar a tashe ta a can. Sasantawar ma tana da farashi, domin sabuwar sabar da kuka biya da tsada za ta yi aiki da umarnin tsohuwa. Haka kuma duk baƙuwar da aka jona wa wani ƙarfe kai tsaye, kamar katin hoto, ta zama 'yar gida a wannan saba, mai daidaitawa zai tsallake ta.

Tambaya: Mun kunna mai daidaita nauyi, amma duk ranar da aka buɗe rajistar ɗalibai shafinmu sai ya durƙushe, alhali sauran sabobin ba su cika ba. Me ya sa bai raba nauyin ba? Daga wani mai karatu a Sakkwato.

Amsa: Malam, daidaita nauyi iri biyu ne, kuma wanda kuka kunna ba shi ne mai maganin ciwonku ba. Naku yana ɗaukar baƙuwa sukutum ya sauya mata masauki. Idan shafin rajistar yana cikin baƙuwa ɗaya kuma ta ƙure rabon da aka ba ta, ko ina aka kai ta a ƙure take. Abin da kuke buƙata shi ne mai raba maziyarta, manhaja irin HAProxy ko Nginx da ke tsayawa a ƙofa tana karɓar kowace buƙata tana miƙa ta ga ɗaya daga cikin baƙi uku ko huɗu masu ɗauke da shafi iri ɗaya, ko dai bi da bi, ko kuma ga wadda ta fi ƙarancin masu jira, tana kuma leƙa lafiyar kowace ta cire wadda ta daina amsawa. Ita ma mai tsaron ƙofar sai ku yi ta biyu masu raba adireshi ɗaya da manhaja irin Keepalived, kuma ku hana su zama a saba ɗaya.

Kafin hakan ya yi aiki, dole masu rubuta manhajar rajistar su fitar da bayanan zaman ɗalibi da hotunan da yake ɗorawa daga cikin baƙuwar zuwa wurin da dukkansu ke gani, in ba haka ba ɗalibi zai cika fom a baƙuwa ta ɗaya, danna na gaba ya kai shi ta biyu, ta ce ba ta san shi ba. Sannan ku auna kafin ku ƙara komai, domin a irin waɗannan shafuka sau da yawa rumbun bayanai ne ke shaƙewa, kuma ƙara baƙi a gabansa ƙara masa masu kira ne kawai. Tambaya ɗaya da ke bin teburin ɗalibai layi-layi saboda ba a yi masa fihirisa ba ta isa ta durƙusar da shafi a saba kowace iri.

Tambaya: Na ji ana iya sa rukuni ya riƙa kashe wasu sabobi da dare don rage shan wuta. Mu da muke kwana a kan janareta, zai rage mana kuɗin dizal? Daga wani mai karatu a Bauci.

Amsa: Tsarin yana nan, a VMware sunansa DPM. Idan aiki ya lafa sai ya tattara baƙi a kan sabobi kaɗan ya kashe sauran, idan aiki ya dawo kuma ya tashe su ta katin kula da saba daga nesa, irin iLO ko IPMI. Sai dai ka yi lissafin kafin ka sa rai. A ƙaddara sabar da za a kashe tana shan wat 300, kuma za ta kwana a kashe awa goma, yunit uku ke nan na wuta a dare, sai ɗan abin da na'urar sanyaya ɗaki za ta huta da shi. A cibiya mai ɗaruruwan sabobi wannan kuɗi ne na gaske. A ɗaki mai sabobi huɗu da ke bayan babban janareta kuwa, da wuya mai sayen dizal ya ga bambanci, domin janareta yana shan mai ko da kayan da ke kansa kaɗan ne, kuma injin dizal da ya daɗe yana aiki ƙasa da kusan kashi 30 na ƙarfinsa yana tara ɗanyen mai a bututun hayaƙi ya lalace da wuri. Idan kuwa a kan batir da inbata ɗakin ke kwana, to nan yunit ukun suna da daraja, domin su ne za su iya kai batirin asuba.

Haɗarin shi ne saba tana ɗaukar mintuna kafin ta gama tashi, kuma idan ɗaya daga cikin na kunne ta mutu a lokacin da gurbin gaggawar yake barci, baƙinta za su jira. Saboda haka idan kun kunna shi, ku rubuta masa cewa adadin sabobin da ke kunne kada ya taɓa sauka ƙasa da abin da zai ɗauki baƙi duka da ƙarin guda ɗaya, ku cire sabobin da ke riƙe da Ceph ko vSAN daga cikinsa tunda faya-fayansu ba sa barci, kuma ku gwada tashin kowace saba daga nesa da rana, kuna tsaye a gabanta, kafin ku bar manhaja ta yi shi da ƙarfe uku na dare.